Sa ya karya ni a wurin lodi, maigida ya ce dabba ba ta da diyya

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne ɗan shekara 31, da mata ɗaya da 'ya'ya uku, a wani ƙauye cikin ƙasar Jega ta jihar Kebbi. Shekarata uku ina aiki a gidan gonar wani Alhaji mai turka shanu. Mu huɗu ne, ana biyana naira 40,000 a wata, babu takarda tsakaninmu, magana ce ta baki. A cikin shanun akwai wani jan bijimi mai dogayen ƙahoni da ya taɓa kayar da abokin aikina. Sau biyu muna gaya wa manajan gonar, Alhaji ya ce a bar shi sai Sallah ta matso ya yi kuɗi. Ranar da za a loda su zuwa Legas tirela ba ta iso ba sai bayan isha'i, mu biyu kaɗai muka rage, aka ce in ja shi in hau da shi. Yana zuwa bakin mota ya turje, ya juyo ya soke ni a cinya, ya matse ni da jikin mota, ƙwaurina ya karye har ƙashi ya fito. Ba zan ɓoye maka ba, na naɗe igiyar a hannuna, shi ya sa na kasa tsere masa. Alhaji ya ba da 50,000 da buhun shinkafa, ya biya albashin wata ɗaya, daga nan shiru. Yau wata huɗu ke nan. An yi mini ɗorin gida amma wurin bai daina ruwa ba, likita ya ce sai an yi aiki. Da na aika masa, cewa ya yi: "Ƙaddara ta, dabba ba ta da diyya, kuma kai ka naɗe igiya." Yanzu ya ce zai ba ni 100,000 in dangwala hannu a takarda cewa magana ta ƙare. Mahaifina ya ce in karɓa, kada in ja da mai arziki, shi ya taimaka mana lokacin aurena. Malam, ina da hakki, ko jayayya nake yi da ƙaddara?

Daga wani bawan Allah, ƙasar Jega

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Kana da hakki. Na fara da wannan ne don ka riƙe shi kafin mu shiga bayani, saboda na lura a wasiƙarka har ka fara tuhumar kanka da rashin tawakkali. Kuma takardar nan kada ka dangwala mata hannu, ko da an ce maka daga yau tayin ya wuce.

Amma kafin maganar kuɗi, ƙafar ce ta fi tsaya mini a rai. Karayar da ƙashi ya huda fata ya fito daban take da wadda fata ta rufe. Taka kuma a wurin shanu ta faru, inda kashi da fitsari da ƙasa suka cakuɗe, ga kuma sukan ƙaho a cinya. Miki ya yi wata huɗu yana ruwa a kan karaya, abin da likitoci suka fi zargi shi ne ƙwayoyin cuta sun shiga cikin ƙashin kansa. In haka ne, yana iya zama akwai guntun ƙashi da ya mutu a ciki, kuma muddin yana nan wurin zai riƙa rufewa yana sake fashewa. Ba na raina maɗora, kowa a ƙasar nan ya san wanda suka ɗora ya miƙe. Sai dai karan ɗori da tsumma ba sa kaiwa inda wannan ciwo yake. Aikin da likita ya faɗa maka shi ne a buɗe a kankare abin da ya lalace, a wanke, a riƙe ƙashin da ƙarfe in ya kama, sannan ka yi makonni kana shan magani. Kowane wata da ya wuce aikin yana ƙara girma, kuɗinsa na ƙaruwa, kuma mutane sun rasa ƙafa a kan irin wannan jira. Don haka kada ka ɗaura zuwa asibiti da ranar da Alhaji zai sauko. Ka je asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi ko asibitin Sir Yahaya, ka nemi ganin likitan ƙashi. In sun ga ya fi ƙarfinsu za su tura ka asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ka tambaye su ko an yi maka allurar tetanus, cutar nan mai ɗaure muƙamuƙi da sandarar da jiki, domin ƙwayarta a ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Idan kuwa zazzaɓi ya kama ka, ko wurin ya fara wari, ko yatsun ƙafar suka yi baƙi ko suka daina jin taɓi, ko da tsakar dare ne a nemi mota.

Zuwa asibitin nan kuma shi ne tushen maganar hakkinka. Ka roƙi likita ya rubuta maka rahoto: ranar da abin ya faru, irin raunin, aikin da za a yi da kuɗinsa, da tsawon lokacin da za ka yi ba ka iya aiki. Hoton ƙashi, katin asibiti, rasiɗin magani ko na naira ɗari biyar ne, ka zuba su a leda ɗaya ka ba matarka ta adana.

To, mu zo kan maganar Alhaji. Abu uku ya faɗa, kuma kowanne yana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa suka yi maka nauyi.

Ya ce ƙaddara ce. Ƙwarai kuwa, babu musulmin da zai musa. Amma ka tuna lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Misalin da ya kawo ma na makiyaya ne: in kana da raƙuma ka gangara kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ka kai su da ƙaddarar Allah ka kai su. Da an sayar da bijimin nan tun ranar da ya kayar da abokin aikinka, da wannan ma ƙaddara ce. Da an bar lodin sai gari ya waye an tara mutane, ita ma ƙaddara ce. Wani ne ya zaɓi gefen da aka kai ku. Kuma ka lura, kisan kuskure ma ƙaddara ne, amma Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya wajabta diyya a kansa. Da yarda da ƙaddara tana share hakki, da babu babin diyya da lamuni a fiƙihu gaba ɗaya. Ƙaddara tana hana ka cizon yatsa da ƙullatar Ubangijinka. Ba ta sauke wa wani nauyin da ke wuyansa.

Ya ce dabba ba ta da diyya. Wannan ba daga kansa ya ƙirƙiro ba, hadisi ne ingantacce na Abu Huraira a Bukhari da Muslim, cewa raunin da dabba ta yi ba a biyansa. Abin da bai ƙarasa maka ba shi ne yadda malamanmu na Malikiyya suka fahimce shi. A wurinsu hadisin yana magana ne a kan dabbar da ta yi ɓarna ita kaɗai, babu hannun kowa babu sakacin kowa. Shi ya sa a cikin littafin fiƙihu na Risala, wadda ake karantawa a zaurukan Gwandu da Jega da Argungu, aka ce mai kora dabba da mai janta da mahayinta suna lamunin abin da ta taka. Shi ya sa kuma a hukuncin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar mutane, aka ɗora wa masu dabbobi biyan abin da suka ɓata da dare. Malamai sun kuma yi magana a kan wanda ya ajiye dabbar da aka san ta da cutarwa, kamar kare mai cizo, aka gargaɗe shi ya ƙi ɗaukar mataki: abin da ta lalata bayan gargaɗin yana kansa. Ka ga ke nan tambayar da ke gabanmu ita ce wa ya san halin bijimin, kuma me ya yi da ya sani. A bayaninka sau biyu kuna kai ƙara, amsar kuma ita ce a jira Sallah. Ni ba alƙali ba ne, kuma bakinka kaɗai na ji, ban ji na Alhaji ba. Amma in har abin da ka faɗa haka yake, duk malamin da ya san fiƙihu ba zai karanta maka rabin mas'ala ya tsaya ba. An ajiye san ne don ribar da zai kawo, ya kuma kawo ta a Legas. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai na uku, igiya. A nan zan gaya maka gaskiya, tunda kai ma ka gaya mini ita: kuskure ne. Ina yaro na ga wani ƙanen mahaifina yana jan sa zuwa mashaya, igiyar a naɗe sau uku a tafin hannunsa. Jaki ne kawai ya yi kuka a bayan danga, san ya zabura, kafin ƙiftawar ido ya ja shi a ƙasa, babban yatsansa kuwa bai ƙara moruwa ba har ya koma ga Allah. Bijimin turka da ya ƙoshi da dusa da harawa yana kai kilo 400 ko fiye, mutum shida ke nan a kan sikeli. Babu hannun da zai riƙe shi in ya yi niyyar tafiya. Riƙon igiya shi ne yadda za ka iya sakinta cikin numfashi ɗaya.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya sa mai shekara uku a cikin shanu ya naɗe igiya? Domin an bar masa aikin mutum huɗu ko biyar. Duk wanda ya tsaya a kara ranar kasuwa ya ga yadda ake hawar da mafaɗacin sa: igiya biyu a ƙaho, mutum a dama mutum a hagu suna ja da juna don kada ya samu juyawa kan ɗayansu, wani da igiyar ƙafar baya, wani yana kora, motar kuma an manna ta da tudun lodi babu rata. Akan fara hawar da masu sanyin hali don ya bi 'yan'uwansa. Saniya tana gani kusan ko'ina a kewayenta ban da daidai bayanta, amma ba ta iya auna zurfi sosai, don haka inuwa ko rata ko bakin tirela mai duhu a idonta kamar rami ne. Ga ƙarar inji, ga ƙarfe yana amsawa a ƙarƙashin kofato, ga fitilar waya ana haska mata ido. Ko lafiyayyen bokolo zai turje a haka, balle jan sa mai dogon ƙaho da aka riga aka san halinsa. Wanda ya ce a yi lodin nan bayan isha'i da mutum biyu shi ya shirya wurin da igiyarka ta zama tarko. Kuskurenka na iya rage abin da za a ba ka a wasu wuraren, amma ba ya share shi.

Yanzu dokar ƙasa. Akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta shekarar 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Hukumar NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ce ke riƙe da asusunta. Dokar ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun, daga aljihunsa, kuma an hana shi cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Rashin takarda tsakaninku bai fitar da kai ba, domin ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki, da na wucin gadi, da ɗan koyo, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Kuma a wannan tsari ba a tambayar laifin wa, abin da ake dubawa shi ne ko raunin a bakin aiki ya faru. Maganar igiya ke nan ba ta da wurin zama a can. Asusun yana ɗaukar nauyin magani, yana kuma biyan wanda rauni ya naƙasa har abada kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, wanda kuma ya rage masa ƙarfin nema a biya shi gwargwadon abin da ya rasa.

Akwai wa'adi, ka riƙe su da kyau. Ma'aikaci zai sanar da maigidansa cikin kwana 14, shi kuma maigidan ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7 da faruwar abin. Kada kwana 14 ɗin ya tayar maka da hankali, dokar ta yi rangwame inda maigida ko wakilinsa ya san abin ya faru, kai kuwa Alhaji da kansa ya aiko maka da 50,000. Wanda ya fi muhimmanci shi ne neman diyyar kanta: cikin shekara ɗaya daga ranar raunin. Wata huɗu sun tafi, takwas suka rage maka.

Ba zan ruɗe ka ba, ƙanena. Gonar da ke da ma'aikata huɗu ana biyansu hannu da hannu, zai yi wuya a ce an yi mata rajista da NSITF, kuma in ba a yi ba, samun kuɗi daga asusun ba zai zo da sauƙi ba. Amma rashin rajistar laifin maigida ne, ba naka ba, kuma bai rufe maka ƙofa ba. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin duk wata shari'a tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi, tana kuma da reshe a Sakkwato. A can abin da za a duba shi ne ko maigida ya tanadi isassun mutane da kayan aiki da tsarin da ba zai jefa ma'aikaci a haɗari ba, da kuma ko ya san dabbar tana da mugun hali ya ci gaba da ajiye ta. Sai dai ba a cin biyu, ba za ka karɓa daga asusun ka kuma kai shi ƙara a kan rauni ɗaya ba, don haka kafin ka zaɓi hanya ka zauna da lauya. Kuɗin lauya kada ya tsorata ka. Hukumar Legal Aid Council tana da ofis a Birnin Kebbi, an kafa ta ne don marasa ƙarfi, kuma dokarta ta 2011 ta ambaci neman diyyar haɗari da na ma'aikata cikin ayyukanta. Akwai kuma ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiha, wanda kan kira maigida a zauna kafin magana ta kai kotu. Ko albashin da aka tsayar maka ka faɗa musu, su duba shi.

Na kawo maka duk wannan ne don ka shiga sulhu da ƙafarka a tsaye. Ni a ganina sulhu ne ya fi dacewa da kai, kuma shi za ka fara nema. Shari'a tana cin lokaci, ƙashinka kuwa ba zai jira ta ba. Sannan gari ɗaya kuke, a maƙabarta ɗaya ake rufe naku da nasu. Amma sulhun da aka yi da wanda bai san hakkinsa ba sunansa kawai sulhu. Ka nemi wanda Alhaji ke jin kunyarsa, limamin Juma'a ko hakimi ko sarkin shanun kasuwar da yake hulɗa da ita, ka fara kai masa rahoton likita shi kaɗai ya karanta. Masu harkar shanu sun fi kowa sanin yadda ake lodi, dattijo ɗaya daga cikinsu in ya ce "Alhaji, mutum biyu da dare ba daidai ba ne," ya fi takardar lauya goma shiga kunnensa. A zaman kada ka zage shi, kada ka ɗaga murya. Ka fara da godiya a kan abin da ya yi, na aure da na ranar farko, don gaskiya ne ya yi. Sannan ka faɗi buƙatarka a fili, da lissafi: kuɗin aikin ƙafa gaba ɗaya har a cire ƙarfe, kuma ya biya asibitin kai tsaye in yana tsoron kuɗin su bi wata hanya, abin da kuka riga kuka kashe, albashin watannin da aka tsayar da na waɗanda za ka yi kana jinya, sannan in ƙafar ta warke da naƙasa, a sake zama a kan abin da zai riƙe ka, ko jari ko aikin da ba na jan sa ba, kamar awon dusa ko tsaron sito. Wannan na ƙarshen kada ka yarda a rufe shi yanzu. A fiƙihunmu ma ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga inda ya tsaya. Duk abin da aka amince a rubuta shi, da ranakun biya, shaidu su sa hannu, kai ma ka riƙe kwafinka.

Ka ga dalilin da ya sa na hana ka dangwala hannu. Naira 100,000 albashinka ne na wata biyu da rabi, kai kuwa ka riga ka yi wata uku babu albashi, ba a ma zo kan aikin ƙafa ba. Dokar 2010 ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da maigidansa ta yafe diyyar da dokar ta ba shi ɓatacciya ce, amma duk da haka takarda mai ɗauke da yatsanka za ta zama sanda a hannun lauyansa, ka ɓata watanni kana bayanin yadda aka yi ka sa hannu. In ya ba ka kuɗin a matsayin somin taɓi na magani, karɓi ka yi godiya, a rubuta cewa kashi ne daga kuɗin jinya. In an kawo takarda da Turanci, ka ce sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka, ka kuma ɗauki hotonta da waya. Mutumin da ya tabbata ba a binsa komai ba ya neman a dangwala masa hannu, wannan ma ka lura da shi.

Shaidu kuma tun yanzu. Abokin aikinka da kuka yi lodin tare, da wanda san ya fara kayarwa, har yanzu a hannun Alhaji suke cin abinci, kada ka yi mamaki in bakinsu ya yi nauyi, kada kuma ka ƙullace su. Ka nemi lambar direban tirelar da yaran motarsa, su ba abin da zai hana su faɗin abin da suka gani. Wanda ya ɗauke ka zuwa asibiti a daren, maɗorin da ya ɗora ka, saƙon murya na WhatsApp da kuka yi da manaja, alat na banki in an taɓa turo maka albashi ta nan, duk kada ka goge. Ka sa a rubuta maka labarin daren daki-daki yanzu da kake tune da shi, har da ranakun da kuka kai ƙarar san.

Saura Baba. Kada ka ɗauki maganarsa a matsayin rashin tausayi. Dattijo ne da ya ga yadda talaka ke ƙarewa in ya ja da mai hali, yana kuma jin nauyin alherin da aka yi muku. Tsoronsa kada ka rasa ƙafa ka kuma rasa mutunci a gari. Kada ka yi masa musu a gaban mutane, kada kuma ka tafi ofis a ɓoye ya ji a bakin wasu. Ka tafi da shi asibiti ya ji da kunnensa abin da likita zai ce, ya ga hoton ƙashin. Sannan ka ce masa: "Baba, ba faɗa zan yi da Alhaji ba. In na karɓi dubu ɗari aka rufe magana, gonarka za a jinginar a yi mini aiki, jikokinka kuma kai za su dawo wa." Ka roƙe shi ya zama shi ne zai kai maganar wurin liman. Gudummawar aure alheri ce, za ku ci gaba da gode mata har abada, amma ba a ba da ita a matsayin kuɗin ƙafarka ba, kuma na tabbata shi kansa Alhaji a ranar da ya bayar ba haka ya nufa ba.

In wannan amsa ta kai ga Alhaji, ko wani mai turka irinsa, ina roƙonsa ya dubi abin da idon mai neman albarka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a kan waɗanda ke ƙarƙashin hannunmu kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora musu a taimake su. Yaron nan shekara uku yana tashi da asuba yana kwashe kashin shanunka, yana jiƙa dusa, yana kwana da su in ɗaya ya kumbura. Kuɗin bijimi ɗaya daga cikin waɗanda suka hau motar nan zai yi nisa wajen tayar da shi.

A wannan mako, ƙanena, asibiti da rahoton likita. Mako mai zuwa ku je wurin liman kai da Baba. Ka sa wa sulhun wa'adi a ranka, wata ɗaya ya isa a gane inda aka dosa. In ya wuce babu abin da ya motsa, ka sa ɗan'uwanka ya ɗauke ka zuwa ofishin Legal Aid da na NSITF a Birnin Kebbi da ledar takardunka, tun watanni takwas ɗin nan ba su zama biyu ba. Ka rubuto mini abin da likitan ƙashi ya ce. Allah ya tashi kafaɗunka, ka gaida Baba da mai ɗakinka.